A Rubuta Mini Abin da Aka Gani

Hausari, Potiskum
11 ga Mayu

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Baban Ikhlas da yara. Ya aikin asibiti, ya zafin Gombe? Mu nan hadari yana haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba tukuna.

Na ba Malam Yaji direba wannan takarda hannu da hannu saboda abin da ke cikin ambulan ɗin. Hoton cikina ne. Na gwada ɗaukarsa da waya in turo miki, baƙi kawai yake fitowa. Ke ungozoma ce, shekara goma sha huɗu kina wannan aiki. Ki duba ki gaya mini abin da kika gani.

Ranar Litinin mijina Bubayaro ya kai ni wani asibitin kuɗi, cikin ya shiga wata shida. Matan layinmu sun cika ni da labari kafin in je. Basira maƙwabciyata ta ce ita har ta ga nata yana tsotsar yatsa, an gaya mata mace ce, an gaya mata ranar haihuwa. Ni abu biyu na je nema. Na farko mace ko namiji, don in san yadin da zan yanka. Na biyu kunne. Kin san tun da sanƙarau ya ɗauke mini ji ina shekara tara, babu wanda ya taɓa goranta mini kamar surukata Dada. Tun kafin a ɗaura aure take cewa kurma kurma take haifa. Sai na ce tunda na'urar tana ganin har yatsa, ai za ta ga kunne. Na rubuta a 'yar takarda, "Zai ji?" na riƙe a hannuna.

Ban samu na miƙa ta ba. Mai ɗaukar hoton ya shafa mini wani ruwa mai yauƙi a ciki, yana aikinsa suna hirar shanu da Bubayaro, suna dariya. Ya nuna mini kai, ya nuna mini hannu, ya nuna mini wani ɗan wuri yana motsi da sauri, ya dafa ƙirjinsa don in gane zuciya ce. Ya Kaka, na yi hawaye. Daga nan ya zo wani wuri ya tsaya. Ya wuce, ya dawo. Ya sake wucewa, ya sake dawowa. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga idona a kan leɓensa, sai ya ja takunkuminsa ya rufe. Ya kama hannun mijina suka fita, suka bar ni kwance da ciki a buɗe.

Da Bubayaro ya dawo ya tsaya a gabana ya ce, a hankali yadda zan gani, "Lafiya lau. Namiji ne." Takardar bayanin kuwa ya ninke ya sa a aljihu, ni hoton kawai ya ba ni. Da yamma ya shiga sashen Dada, na leƙa na same su zaune sun ba ƙofa baya. A gidan nan ba a ba ni baya sai in maganata ake yi.

Yaron yana motsi, yanzu haka yana shurina. Amma ban yanka yadi ko ɗaya ba. Ina jiran amsarki ta hannun Malam Yaji.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Fanne


Gombe
15 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Fanne,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni lafiya, kowa yana amsa gaisuwarki. Ikhlas ta ce ki ɗinka mata doguwar riga irin ta bara.

Na duba hoton. Irin waɗannan hotuna ba a iya karanta su a takarda, sai a lokacin da ake ɗauka. Abin da zan iya ce miki shi ne, tunda kin ga zuciya tana bugawa kuma yana motsi, ki gode wa Allah. Masu ɗaukar hoto sukan dawo wuri ɗaya sau da yawa don su yi awo, ba wani abu ba ne. Kin san halinki na zargi tun kina ƙarama.

Ki riƙa shan maganin ƙarin jininki, ki ci ganye da wake, ki rage zama a kan keken ɗinki. Kada ki fasa zuwa awo. Idan lokaci ya yi, a asibiti za ki haihu, ba a gida ba, wannan na riga na gaya wa maigidanki. Ki yi masa biyayya, mutumin kirki ne, duk abin da ya yi don alherinki ya yi.

Damuwa ba ta da kyau ga mai ciki. Ki kwantar da hankalinki.

Allah ya raba lafiya.

Yayarki,
Ya Kaka


Hausari, Potiskum
29 ga Mayu

Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki don gaisuwa wajibi ce.

"Na riga na gaya wa maigidanki." Yaushe kuka yi maganar? Bari in gaya miki yaushe. Ranar Asabar, kafin ki rubuto mini, ina zaune a kan keke, shi yana tsakar gida da waya a kunne. Ya ba ni baya kamar yadda ya koya kwanan nan, amma ya manta da madubin da masu kawo ɗinki suke duba kansu. A cikin madubin na ga bakinsa sarai. Ya ce, "Ya Kaka." Ya ce, "Kar ta sani." Ya ce, "Sai ta haihu."

Ke ce kika zaunar da ni bayan ciwon nan, lokacin da kowa ya ce an gama da ni. Ke kika sa madubi a gabanmu kina cewa ba, ma, fa, har na iya. Ke kika yi faɗa da Baba sai da ya bar ni na gama sakandare. Yau kuma ke ce kike rubuto mini in ci wake.

Kin san abin da kuka yi mini? Sati uku ina kwana ina tashi da abin da ban sani ba. Wata rana in ce ba shi da ƙafa. Wata rana in ce kansa ne ya kumbura irin na ɗan gidan mai niƙa. Na tuna wata mata a Ngojin da aka ce ta haifi yaro babu ƙoƙon kai, ya yi awa biyu ya koma. Idan ya yi shiru a ciki sai in danna shi da hannu har sai ya shure ni. Kun ce damuwa ba ta da kyau ga mai ciki. To wace damuwa ce ta wuce wannan?

Na bincika aljihunsa, na bincika akwatinsa, babu takardar. Na tambaye shi baki da baki, ya rantse mini yaron yana da rai. Na ce ban tambaye ka rai ba. Sai ya tashi ya fita.

Cikin nan a jikina yake. Ni nake amai, ni ƙafata take kumbura, ni zan durƙusa. Mai ɗaukar hoto ya sani, mijina ya sani, Dada ta sani, ke da kike Gombe kin sani. Ni kaɗai aka ware. Ba zan ƙara roƙon kowa ba. Kada ki wahalar da kanki da amsa idan irin ta farko ce.

Ki ce wa Ikhlas rigarta tana nan zuwa, ita ba ta yi mini komai ba.

Fanne


Potiskum
4 ga Yuni

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Alhaji da yara. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni hannuna ya fi sabawa da igiya. Na kira ku sau biyu kuna ɗakin haihuwa, kuma maganar ta fi ƙarfin waya.

Fanne ta sani.

Ranar Laraba na fita kasuwar shanu tun da sassafe kamar kullum. Da na dawo bayan la'asar babu ita a gida. Na shiga gidan Basira, na shiga gidan kawunku, babu wanda ya gan ta. Sai daga baya na ga saƙonta a wayata tun safe, a cikin hayaniyar kasuwa ban lura ba. Ta rubuta, "Na tafi ganin ɗana." Na fito waje ina duba hanya. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga ta ta sauko daga Keke Napep da littafi a hannu. Ta wuce ni kamar ta wuce turke.

Ina so ku san ban yi don raini ba. Da mutumin ya ce mini leɓen yaron a tsage yake, abin da ya fara zuwa mini shi ne Fanne ta sha maganar mutane ta ƙoshi, ga kuma wata. Na je wurin Dada neman shawara, ta ce idan mai ciki ta firgita cikin zai iya zubewa. Ta faɗi wasu maganganun kuma da ba zan rubuta ba. Uwa ce, ban iya mayar mata ba. Shi ya sa na roƙe ku, kuma na san ba da son ranku kuka yarda ba.

Yanzu kwana huɗu. Tana dafa abinci, tana ajiye mini ruwan wanka. Amma ta daina kallon bakina. Idan na tsaya a gabanta sai ta kalli ƙasa, ko ta rufe ido. Kun san idan Fanne ba ta kalle ka ba, ba ka da ƙofar shiga. Na rubuta mata takarda na ajiye a kan keke, ta ɗauka ta yanka samfurin wuyan riga da ita.

Ku sa baki, don Allah. Maganarku take ji.

Naku,
Bubayaro


Hausari, Potiskum
7 ga Yuni

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ruwa ya sauka mana sau biyu, gari ya yi sanyi.

Na ce ba zan ƙara roƙon kowa ba, kuma ban roƙa ba. Wannan labari ne nake ba ki.

Na zaɓi ranar kasuwa don na san ba zai dawo da wuri ba. Na sayi sabon littafi da biro, na tafi asibitin gwamnati. A shafin farko na rubuta da manyan baƙi: "Ni kurma ce, hankalina ƙalau. Na iya karatu. Cikin nawa ne. Duk abin da aka gani a rubuta mini a nan." Mai ba da kati ya karanta, ya rubuta a ƙasa, "Ki zo da mijinki ko wani mai ji." Na rubuta, "Mijina ba shi da ciki." Ya nuna wa na kusa da shi suka yi dariya. Na zauna a bencin da ke gaban tagarsa, littafin a buɗe a cinyata. Duk wanda ya zo wucewa sai in ɗaga masa. Tun ƙarfe takwas har aka yi azahar. Daga ƙarshe ya gaji da ganina ya ba ni kati.

Mace na samu a ɗakin hoton, sunanta Jamilatu. Ta karanta shafin, ta kalle ni, ta sauke takunkuminta har haɓa. Ta juyo da fuskar na'urar gabana. Duk abin da ta duba sai ta rubuta. Kai, daidai. Ƙashin baya, daidai. Zuciya, ɗaki huɗu. Ƙoda biyu. Ƙafa biyu. Da ta zo fuska ta daɗe, ni kuwa na riƙe ƙarfen gadon. Sai ta karɓi biro ta zana hanci da baki, ta ja ɗan layi daga leɓen sama zuwa ƙofar hanci ta hagu. Ta ce, ina kallon bakinta, "Leɓensa bai haɗe ba a nan. Ana ɗinke shi bayan haihuwa."

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Shi ke nan abin da na gani."

Na ce, "Leɓe? Leɓe kawai?"

Ya Kaka, na yi dariya har ta tsorata, daga nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama. Sati uku ina binne yaron nan a zuciyata, ashe ɗinki ne. Ni da nake ɗinki tun ina shekara goma sha biyar.

Ba ta yi mini ƙarya don ta faranta mini ba. Ta rubuta cewa saman baki daga ciki ba ya fitowa sosai a hoto, sai an haife shi za a san ko tsagar ta kai can. Ta ce na'urar ba ta ganin komai da komai, kuma ranar haihuwar da take bayarwa kintace ne. Sai na ciro 'yar takardata ta tun ranar farko, duk ta yamutse, na miƙa mata. Ta karanta ta girgiza kai. Ta rubuta, "Hoto yana nuna kunne, ba ya nuna ji. Amma kurumtar sanƙarau ba a gadonta." Na sa ta ja layi a ƙarƙashi, na kai wa Dada shafin na ce a karanta mata.

Ban ce na ji daɗin abin ba. Da na dawo na zauna na yi tunanin yaran makaranta da bakinsu, na san su, na sha su. Amma abin da na sani zan iya shirya masa.

Na yanka yadi jiya. Shuɗi.

Ƙanwarki,
Fanne


Gombe
12 ga Yuni

Fanne, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki sau uku a ɗakin hutunmu, abokiyar aikina ta tambaye ni wa ya rasu.

Na yi laifi. Ba zan ce Bubayaro ne ya sa ni ba, ni ce babba kuma ni ce na san aikin. Kullum a nan ina ganin likita yana yi wa miji bayani a kan matar da take kwance a gabansa, ina jin haushi, sai ga shi na yi wa 'yar uwata. Na ce miki kina da zargi alhali gaskiya kika gani. Wannan ta fi ci mini rai. Ki yafe mini.

Yanzu ga abin da ya kamata in rubuto tun farko. Ba abin da kika ci ba ne, ba fitar da kika yi da magariba ba ce, ba almakashinki ba ne, duk abin da za su ce. Yana faruwa tun a watannin farko, ga masu ji da marasa ji. Ɗinkin leɓe yawanci sai yaro ya kai wata uku kuma ya yi nauyi, don haka aikinki na farko shi ne nono. Idan leɓe ne kawai zai iya kama mama, ki ɗaga shi kamar a zaune, ki toshe tsagar da yatsa. Idan ta kai ciki, za ki riƙa tatsa kina ba shi da ƙaramin kofi, kuma za a riƙa duba kunnensa, don irin waɗannan yaran ruwa yakan taru musu a ciki. Kin ga ban ɓoye miki wannan ba. Na yi magana da likitan da yake aikin a nan, ya ce a kawo shi.

Mijinki kuma, ki hukunta shi yadda kika ga dama, amma ki bar masa ƙofa. Tsoro ne ya yi masa yawa.

Yayarki mai neman afuwa,
Ya Kaka


Hausari, Potiskum
23 ga Agusta

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Na yafe miki tun tuni, kin gani a saƙonnin waya, amma ga shi a takarda ki ajiye.

Kin ji na sauka ranar Asabar da hantsi, ga sauran labarin. Da aka ɗora mini shi a ƙirji ban firgita ba, fuskar da na sani ce kusan wata uku. Nas ɗin ce ma ta tsaya tana neman yadda za ta gaya mini, na ce mata ta duba saman bakinsa da fitila. A haɗe yake, alhamdu lillahi. Kwana biyu muna kokawa da nono, yana kamawa yana saki, yana kuka har fuskarsa ta yi ja. Rana ta uku ya kama. Yanzu ba ya bari in huta.

Bubayaro ne ya yi masa huɗuba. Na kalli bakinsa har ya gama.

Yanzu sabuwar magana. Dada ta ce ba za a yi taron suna ba. A yanka rago da asuba, a raɗa suna a zaure, a ce wa mata mai jego ba ta da lafiya, sai an yi ɗinki a fito da shi. Ta ce kunya take tsare mana. Masu zuwa barka ma tana tare su a sashenta, ta ce yaro yana barci. Jiya ta shigo ta rufe masa fuska da tawul. Na cire. Ta mayar. Na cire na zauna a kan tawul ɗin.

Na ce mata, "Dada, ni ma wata uku aka ɓoye ni a ɗaki bayan ciwona. Ban warke ba, mutane kuma ba su manta ba."

Ta juya ta yi wa ɗanta magana. Ban ga abin da ta ce ba, amma na ga Bubayaro ya ɗago kai ya ce, "Dada, na bi maganarki sau ɗaya, ya isa."

Ban jira su gama ba. Na yage sauran shafukan littafina na rubuta gayyata arba'in da biyu da hannuna, Basira ta raba gida gida. Ranar Asabar ne. Na san an hana ku hutu a wannan watan, ban riƙe ki ba. Ki aiko da turaren wuta irin na Mama idan Malam Yaji zai taso.

Ki gaida Baban Ikhlas da yara.

Ƙanwarki,
Fanne


Hausari, Potiskum
27 ga Agusta

Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Turare ya iso, na gode.

An yi suna. Muhammad Auwal. Gida ya cika har waje, waɗanda ban gayyata ba sun fi yawa, na san kallo ya kawo su. Na zauna a tsakiyar tabarma da shi a cinyata, fuskarsa a buɗe. Wadda ta kau da kai na miƙa mata shi ta riƙe.

Dada ba ta fito ba. Da azahar na ba Bubayaro kwanon nama da jikanta ya kai mata. Naman ya dawo nan take. Jikan bai dawo ba sai bayan la'asar, kansa yana ƙanshin man shanu.

Ki shirya mana ɗaki a watan Nuwamba.

Taki,
Fanne, Maman Auwal